Kik Mai Gardama a Motar Rairayi

Yau za mu leƙa ƙananan motocin nan marasa rufi da ake sukuwa da su a kan tudun rairayi, irin wadda Bruce Meyers ya ƙera a Kalifoniya a 1964 da injin Volkswagen Beetle. Zancenmu a kan kik ne, wato na'urar da ke juya inji har ya tashi. Ra'ayina shi ne, muddin ya fara gardama, a canza shi tun mota tana gida.

Dalili a fili yake. A kan kwalta, in kik ya ƙi sai a tura motar, a sa giya ta biyu, a saki kuloci. A rairayi kuwa taya nutsewa take, ƙarti huɗu ma ba za su ba motar gudun da inji zai kama ba. Sababbin da ke da giyar otomatik ma, turi ba ya tayar da su ko kaɗan. Ga ƙura da zafin inji suna cin burushin kik ba dare ba rana.

Wani zai ce ai ba kowane “ƙat-ƙat” ne laifin kik ba. Gaskiyarsa, kuma bakaniken kirki daga nan yake farawa. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, idan kuwa ya faɗi ƙasa da 9.6 yayin murza makulli, batir ake zargi tukuna. A kankare kan batir, a ɗaure wayar da ke haɗe da jikin mota. Sai duk waɗannan sun fita lafiya a kama kik da laifi. Masu cewa a ɗan ƙwanƙwasa shi da sufana kuwa, dabarar takan ci, domin tana girgiza burushin da ya cinye. Amma gobe fa? Kuma kik na zamani maganaɗisu ne a cikinsa, bugu ɗaya mai ƙarfi yana iya tsaga shi.

Wajen canjin, a fara cire wayar nagatif ta batir. Masu injin Beetle su ƙirga haƙoran filawil kafin saye: tsohon mai bolt 6 haƙori 109 gare shi, mai bolt 12 kuwa 130, kuma kik ɗinsu ba ya musanyuwa. Akwai kuma ɗan bushin da ke jikin giyabos, inda bakin sandar kik ke zama. Araha gare shi, amma in aka bar tsohon da ya lalace, sabon kik ma da kyar zai riƙa juyawa.