Layin Titi Mai Kwarmi a Ƙasashen Dusar Ƙanƙara

Gabatarwa

Layin fentin da ake ja a tsakiyar titi da gefunansa shi ne jagoran direba, musamman da dare. Galibi ana danganta fara jan layin tsakiya da Edward Hines na jihar Mishigan ta Amurka, a shekarar 1911. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ƙasashe masu tsananin sanyi suke kare wannan layi daga lalacewa, da kuma matsalar da kariyar ita kanta take haifarwa.

Abokan gābar layin titi

Ba fenti kaɗai ke sa a ga layi da dare ba. Tun fentin yana ɗanye akan barbaɗa masa ƙananan ƙwayoyin gilashi, waɗanda ke mayar da hasken fitilar mota zuwa idon direba. To, a wurare irin su Norwe da Suwidin da Kanada da arewacin Amurka, da zarar hunturu ya kama sai motocin share dusar ƙanƙara su fito suna kankare titi da faifan ƙarfe. Wannan ƙarfe ba ya bambanta ƙanƙara da fenti; duk abin da ya ɗara kwalta tudu sai ya tafi da shi, ƙwayoyin gilashin kuwa su ne farkon tafiya. Ga kuma yashi da ake watsawa domin hana santsi, ga tayoyi masu ƙusoshi, duk suna goge layin. Sau da yawa kafin sanyi ya wuce layin ya dushe.

Dabarar kwarmi

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne su sassaƙe kwalta da inji, su fitar da kwarmi mai zurfin milimita kaɗan, wanda ya ɗan fi layin faɗi, sa'an nan su shimfiɗa layin a ciki. Ta haka ƙarfen sai ya bi ta sama ya wuce bai taɓa shi ba. Sassaƙar tana ƙara kuɗin aiki, amma layin yakan daɗe, kuma ma'aikata ba sa yawan komawa tsakiyar titi da ransu a hannu domin sabunta shi.

Sai dai masu iya magana sun ce kowane allazi da nasa amanu. Kwarmin da ke ɓoye layi daga ƙarfe yana iya ɓoye shi daga direba. Ruwan sama ko narkakkiyar ƙanƙara kan kwanta a ciki, kuma idan ruwa ya rufe ƙwayoyin gilashi, hasken fitila zamewa yake yi ya wuce gaba maimakon ya dawo. Yashi da laka ma sukan taru su lulluɓe layin. Saboda haka ake kiyaye kada kwarmin ya yi zurfi ainun, ake kuma amfani da manyan ƙwayoyi ko na tangaran masu haskawa ko da a cikin ruwa, ko a yi layin da tudu-tudu yadda ruwa zai gangare.

Kammalawa

A shekarar 2022 Hukumar Manyan Hanyoyi ta Tarayyar Amurka ta ƙayyade mafi ƙarancin hasken da layi zai riƙa mayarwa a kan hanyoyi masu yawan motoci da gudu. Wannan ya nuna mana cewa daɗewar layi a kan kwalta ba ita ce ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ko direban da dare ya yi wa a hanya, cikin ruwa da sanyi, zai hango shi kafin ya kai kwana.