Kare muhalli daga tsakar gida yake farawa: Darasin Anka da Bukkuyum

A shekarar 2010, gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Dareta da 'Yargalma. Tushen masifar yana cikin gidaje: ana kawo duwatsun zinare daga wurin haƙa, a daka su, a niƙa a tsakar gida. Ƙurar sai ta kwanta inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dalma kuwa ba ta ruɓewa, shi ya sa sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Bagega ba ta samu wannan aiki ba sai 2013.

Darasin ya shafi mazauna birni ma. Tsohon batirin mota ko na sola dalma ce a cikinsa, don haka kada a fasa shi a gida. A daina hura gawayi da leda, domin hayaƙinta na cutar da huhu. Mai aikin ma'adinai ya yi wanka, ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Rigakafi dai ya fi magani.