Idan Ɗiyarki Tana Koya wa 'Yan Uwanta Kemistiri a Jami'a, Kada Ki Hana Ta

Iyaye mata da yawa a Anka da Gummi da Bukkuyum kan damu idan suka ji ɗiyarsu da ke jami'a tana tara ɗalibai tana yi musu darasi, abin da yaran ke kira tutoriyal. Sai ki ji uwa na cewa, "Karatu na tura ki ko koyarwa?" Tambayar tana kan hanya, amma ki ba ni aron kunnenki kafin ki yanke hukunci.

Duk mai son zama likita, ko masaniyar haɗa magunguna, ko ma'aikaciyar jinya, ko injiniya, ba ta da makawa sai ta bi ta kan Kemistiri a shekarar farko, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato take, ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya da ɗaruruwan ɗalibai, ga Turanci, ga lissafi. Yarinyar da ta fito daga sakandaren da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje sai kunya ta hana ta ɗaga hannu. Idan ta faɗi, ta maimaita kwas ɗin. Wata ma daga nan burin likitanci ya bi ruwa.

A nan ne ɗalibar da ta ci kwas ɗin bara take da amfani. Ba ta manta inda ya ba ta wuya ba, kuma za ta yi bayani da Hausa. Misali, akwai wani ma'auni da ake kira mol, wanda ke kayar da sababbin ɗalibai. Ita sai ta ce musu: kamar yadda dozin yake nufin guda 12, haka mol yake nufin wani adadi tsayayye na ƙwayoyin sinadari, kuma mol ɗaya na ruwa nauyinsa giram 18 ne. Abin da ya gagara a babban zaure sai ya zauna a ƙarƙashin bishiya.

Wannan tsari ba wasa ba ne. A farkon shekarun 1990, malaman Kemistiri a City College da ke birnin Niyok na Amurka suka mayar da shi tsari na hukuma: ɗalibai 6 zuwa 8 su zauna duk mako da wani da ya ci kwas ɗin kwanan nan, su warware tambayoyi tare. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta horar da jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata 'yan uwansu, su ne 'Yan Taru. Kuma ki sani, mai koyarwa ita ce ta fi kowa cin riba, domin ba ta iya bayyana abin da ba ta fahimta ba, dole ta koma ga littafi.

To me ya sa Kemistiri ya shafe mu fiye da kowa? Ki tuna 2010. A watan Maris na shekarar, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ankarar da duniya yadda yara ke mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Fiye da yara 400 suka rasu. Sanadin kuwa dalma ce da ke cikin dutsen zinari da ake daka da niƙa a cikin gidaje, ƙurar ta sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Jiki yana karɓar dalma kamar sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, sai ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Bagega ma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Awon ƙasa da na jini da aka yi a lokacin duk aikin masana sinadarai ne, kuma da yawansu daga nesa suka zo. Ko wani kwallin da muke ranɗa wa jarirai, daga dutsen dalma ake yin sa. Zaibar da ake kama zinari da ita ma guba ce. Wa zai shiga har cikin ɗaki ya faɗa wa mata wannan in ba ɗiyarki da ƙawayenta ba?

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ki gindaya mata sharuɗɗa. Na farko, karatunta ne gaba. Zama ɗaya ko biyu a mako ya wadatar, idan sakamakonta ya fara ja baya ta rage. Na biyu, a yi da rana, a fili, a aji ko masallacin mata ko ɗakin kwanansu, kuma ya fi kyau 'yan uwanta mata ta tara. Na uku, ta koyar da hanya, kada ta yi wa kowa aikin gida, balle ta ba da amsa a ɗakin jarrabawa. Wannan ha'inci ne, kuma jami'a na kora a kansa. Na huɗu, abin da ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba, su tafi wurin malamin tare. Kuma kada a gwada haɗa sinadarai a ɗakin kwana. Wurin wannan shi ne ɗakin gwaje-gwaje, gaban malami.

Batun kuɗi kuwa, idan an ba ta ɗan ihsani babu laifi, amma ki ja mata kunne kada ta kori wadda ba ta da shi. Idan ta zo hutu, ki bar ta ta tara 'yan sakandaren unguwa masu shirin jarrabawar WAEC da JAMB, ko da awa ɗaya ce bayan La'asar. Ke ma ki zauna ki tambaye ta abin da ke cikin kwallin da ke kan madubinki.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.