Sudan: Wa ke ɗaukar waya idan gaggawa ta taso a ƙauyukan Jazira?

A Yamai ko Maraɗi, wanda gobara ta tashi a gidansa yakan danna 18, mai neman 'yan sanda kuma 17. A Najeriya akwai 112, a Sudan lambar 'yan sanda ita ce 999. Bayan kowace lamba akwai mutumin da aikinsa shi ne ya saurari mai kira a ruɗe, ya tace maganarsa, ya san wanda zai tura da inda zai tura shi. Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023, a wurare da dama wannan aiki ya kuɓuce daga hannun hukuma ya faɗa hannun matasan sa kai, har da yankunan da Hausawa suka fi yawa.

Hausawa da Fulani sun haura shekara ɗari a wannan yanki. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar, a gaɓar kogin da 'yan ƙasar ke kira Nil al-Azrak. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun auduga na Jazira, sai mahajjata da masu neman aiki daga ƙasar Hausa suka yi ta zama a gefen gonaki. Wasu sun sami ƙauyuka na dindindin, wasu har yau suna sansanonin 'yan ƙwadago da ake kira kambo, waɗanda da yawansu ba su da asibiti ko hanyar mota ta kirki tun kafin yaƙi.

A cibiyar kiran gaggawa da aka tsara, tambayar farko ba "me ya faru?" ba ce. "Ina kake?" ake fara tambaya, sannan lambar da za a sake kiranka. Dalili shi ne waya na iya yankewa a kowane lokaci, kuma wanda ya san wurin yana iya tura taimako ko da bai ji sauran labarin ba. Bayan haka ne ake tambaya ko majinyacin yana cikin hayyacinsa, ko yana numfashi, ko jini na zuba. A tsarin SAMU na Faransa an raba aikin biyu: ma'aikaci ya karɓi kira ya rubuta bayanai, sai ya miƙa wa likitan da zai yanke ko a tura mota ko shawara ta wadatar.

Wannan tambaya ta farko ita ce mafi wuya a Jazira. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, babu dutse ko tudun da za a yi kwatance da shi, magudanan ruwa sun ratsa ta ko'ina, kuma mota ba ta tsallake magudana sai ta gada. Mutum na iya hango ƙauyen da ake jiransa a tsallaken ruwa, amma sai ya yi zagaye mai nisa kafin ya isa. Da damina, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, baƙar ƙasar nan mai danƙo takan zama taɓo, hanyar da ake bi da rani ta daina biyuwa. Ga shi ƙauyuka da yawa suna amsa suna iri ɗaya, sansanin kambo kuma sau da yawa ba ya kan taswira. Saboda haka mai karɓar kira a nan dole ya zama ɗan yankin, wanda in aka ce masa bayan gada ta biyu, kusa da injin niƙa, ya gane.

Rabin aikin kuwa ana yin sa ne kafin kowa ya iso. Mai karɓar kira shi ne ke gaya wa na kusa da majinyaci ya danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta kada ya ɗaga, ko ya kwantar da wanda ya suma amma yana numfashi a gefensa. Tun da hukumomin Sudan suka sanar da ɓarkewar cutar kwalara a Agusta 2024, shawara ɗaya ta ƙara daraja: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba mai amai da gudawa yana kurɓa har a kai shi asibiti. Faɗin wannan a waya ga uwar da ke kuka na bukatar murya mai sanyi da gajerun kalmomi.

To wa ake turawa? A nan ne Ɗakunan Agajin Gaggawa suka shigo, waɗanda ake kira guraf al-tawari da Larabci. Sun samo asali daga kwamitocin unguwanni da suka yi fice a boren 2018 da 2019, suna kuma jingina kansu da al'adar nafir, wato gayya. Akasari ba ɗaki ba ne na gini. Rukuni ne na matasa, malaman jinya da likitoci da ke haɗuwa ta WhatsApp, suna dafa abincin sadaka, suna neman magani, suna fitar da marasa lafiya daga inda ake faɗa. Wanda ke riƙe da waya a irin wannan rukuni yana aikin mai rarraba motoci ne ba tare da motar asibiti ba. Abin da yake da shi shi ne sanin wa ke da a-kori-kura mai ɗan sauran mai, wa ke da tarakta ko amalanken jaki, wane asibiti ke buɗe yau, wace hanya ce ke da shinge.

Nauyin ya ƙaru bayan RSF ta kama Wad Madani a Disamba 2023, domin birnin ne ya zama mafakar dubban ɗaruruwan da suka tsere daga Khartoum, asibitocinsa kuma su ne madogarar ƙauyukan jihar. A Fabrairu 2024 layukan Zain, MTN da Sudani suka ɗauke a sassa da yawa na ƙasar. Mutane suka koma biyan kuɗi a kan awa don su yi amfani da na'urar Starlink, manhajar Bankak ta tura kuɗi ita ma ba ta aiki sai da intanet. A ƙarshen Yuni 2024 faɗa ya kai Sinja, hedikwatar jihar Sinnar, wadda ke kan hanyar zuwa Damazin. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani kuma ranar 11 ga Janairu 2025, amma maido da asibitin da aka wawushe ya fi maido da gari ɗaukar lokaci.

Akwai kuma batun harshe da yarda. Matasan Hausawan Sudan Larabci ya zauna a bakinsu, amma tsohuwa a firgice da harshen gida take magana, kuma "cikina na murɗawa" ba ɗaya yake da "ƙirjina ya riƙe" ba ga mai tantance wanda za a fara ɗauka. Rikicin da ya haɗa Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Nil al-Azrak a Yuli da Oktoba 2022, a Rusairis da Wad al-Mahi, ya halaka ɗaruruwan mutane, ya kuma bar tabon da ke sa mutum ya yi tunani kafin ya faɗa wa baƙuwar murya inda iyalinsa suke ɓoye. Su kansu 'yan sa kan ba su tsira ba: ɓangarorin biyu sun kama wasunsu bisa zargin leƙen asiri, wasu sun rasa rayukansu. Lambobin yabo na Rafto da Right Livelihood da aka ba Ɗakunan a 2025 sun fito da sunansu a duniya, sai dai lambar yabo ba ta zama katin kariya a shingen 'yan bindiga.

Yakan faru saƙon neman taimako ya fara isa wayar ɗan uwa a Kano, Zinder ko Jidda kafin ya isa ƙauyen da ke maƙwabtaka, saboda mai saƙon minti kaɗan ya samu na intanet, ya tura wa wanda ya fi amincewa da shi. Wanda irin wannan saƙo ya iske shi ya zama mai karɓar kiran ke nan. Ya fara tambayar sunan ƙauyen da babban garin da ke kusa da shi, sannan mutum nawa ne, shekarunsu, ko suna numfashi, ko suna iya tafiya, da lambar wani na biyu a wurin. Ya rubuta lokacin da saƙon ya shigo, ya tura bayanin a rubuce ga rukunin agaji na yankin, domin saƙon murya mai tsawo kan maƙale inda intanet ke da rauni.