Burodi Mai Laushi da Ƙamshin Abarba: Me Ke Faruwa a Cikin Kwaɓin?

A 'yan shekarun nan wani ɗan burodi ya samu shiga a faifan buɗa-baki da teburin walima a Kano. Ƙanana ne, dunƙule-dunƙule, ana gasa su a jere manne da juna, mai ci ya ɓantari ɗaya. Samansu ja yana sheƙi, cikinsu fari sol, ga zaƙi daidai misali, ga wani ƙamshi na abarba ko kwakwa da ke tashi idan aka raba shi biyu. Mata masu sana'ar kek da cincin suna sayar da shi, matan gida kuma da yawa sun gwada nasu. Koke biyu ne aka fi ji daga waɗanda suka gwada. Wata ta ce nata ya yi kyau da ya fito daga wuta, amma kafin gari ya waye ya ƙandare. Wata kuma ta ce tana zuba ruwan abarba kwaɓin ya saki, ya koma ruwa-ruwa, duk fulawar da ta ƙara bai haɗu ba. Daga nan sai a yanke hukunci cewa masu gidan burodi suna da wani sirri, ko wani magani da suke zubawa. Gaskiyar maganar ita ce duka matsalolin biyu suna da dalili sananne, kuma maganinsu yana cikin madafin kowace Bakanuwa.

Alkama ba baƙuwa ba ce a birnin Dabo. Tun da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, ayarin raƙuma suka riƙa sauke kaya a gefen Jakara. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da fatake Larabawa na Gadamas zaune daram a cikin birni. Da irin wannan cuɗanya ake danganta zuwan gurasa, har ta samu unguwa mai sunanta, Cheɗiyar 'Yan Gurasa, inda har gobe mata ke manna ƙullu a jikin tanderu mai zafi tun kafin asuba. Ga alkaki na gara, ga funkaso, ga taliyar murji. Saboda haka hannun Bakanuwa ya san kwaɓin alkama, ya san tashinsa. Sai dai gurasa abinci ce ta yau-yau: gari, ruwa, yis, gishiri, ɗan sukari, a yi bandashe da ita ko a ci da tsire kafin dare. Ba a gina ta don ta kwana uku da laushinta ba. Wannan ɗan burodin kuwa an gina shi ne don haka.

Asalinsa yana da nisa. Tun daga 1878 ma'aikata daga tsibiran ƙasar Fotugal suka riƙa zuwa Hawai don aikin gonakin rake, suka tafi da burodinsu mai ƙwai da sukari. A shekarun 1950 wani mai gashi, Robert Taira, ya gyara shi a garin Hilo, sana'ar ta bunƙasa ta zama kamfanin King's Hawaiian da ya cika kantunan Amurka. Masu girkin gida da ke son kwaikwayon ɗanɗanonsa su ne suka yayata zuba ruwan abarba. To amma abarbarsu ta gwangwani ce, tamu kuwa ɗanya ce daga Kasuwar 'Yan Lemo, wadda motoci ke kawowa daga kudu. Nan gizo ke saƙar.

Sai mun fara fahimtar abin da ke riƙe burodi. A cikin garin alkama akwai furotin iri biyu waɗanda, idan suka sha ruwa aka murza su, suke harɗewa su zama wani danƙo mai miƙewa da ake kira gulutin. Shi ne dalilin da ya sa kwaɓin fulawa ke jawuwa, na masara ko na gero kuwa ya gutsure. Yis, wanda wata halitta ce mai rai da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, yana cin sukari ya fitar da iska. Danƙon nan shi ke tare iskar a cikin dubban ƙananan aljifai, kwaɓi ya kumbura. In babu danƙo, iska ta tsere, burodi ya kwanta.

Ita kuwa ɗanyar abarba tana ɗauke da wani sinadari, buromelin, wanda aikinsa daddatsa furotin. Duk wanda ya sha abarba da yawa ya san ƙaiƙayin nan da raɗaɗin da ke biyo baya a harshe. Har da aikin wannan sinadari a ciki. Shi ya sa ake jiƙa nama mai tauri da ita ya yi laushi, kamar yadda ake yi da ɗanyar gwanda, wadda ita ma ke da nata irin sinadarin. To abin da yake yi wa nama shi yake yi wa danƙon fulawa. Da farko kwaɓin zai yi kamar lafiya lau. Bayan rabin awa sai ya fara sakin jiki, ya riƙa manne wa hannu da roba, idan aka ja shi ya tsinke maimakon ya miƙe. Ƙarin fulawa ba ya ceto, domin sabon garin ma cinye danƙonsa ake yi. Magani ɗaya ne, kuma ba ya cin ko sisi: zafi yana kashe buromelin. A markaɗa abarba, a tace, a ɗora ruwan a wuta ya tafasa na minti biyar, a sauke ya huce. Ruwan kwali da na gwangwani an riga an dafa su a masana'anta, shi ya sa waɗanda ke amfani da su ba su ma san da wannan matsala ba. Tafasawar tana da wata riba: ruwan yana ɗan ƙonewa, ƙamshin ya ƙara ƙarfi.

Saura maganar ƙandarewa. Burodi ba bushewa kaɗai yake yi ba idan ya kwana. Sitacin da ke cikin gari, wanda ya sha ruwa ya kumbura a wuta, yana komawa ya takure a hankali bayan ya huce, yana sakin ruwan da ya riƙe. Duk abin da zai jinkirta wannan takurewa zai tsawaita laushi. Mai yana yi, ƙwai yana yi, sukari ma yana yi, domin yana jan danshi. Amma dabarar da ta fi duka ita ce wadda masu gashin Japan da China suka shahara da ita, alhali duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo ta san ta: talge. A ɗebi kaɗan daga cikin fulawar, a dama da ruwa ko madara, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri. Da zafin ya kai wajen digiri 65, sitacin ya kumbura ya kulle ruwa a jikinsa, kuma ba ya sakinsa da sauƙi ko bayan gashi. Da wannan talgen kwaɓi yana ɗaukar ruwa fiye da yadda ya saba ba tare da ya caɓe ba. Abin mamaki ne yadda ake biyan kuɗi a azuzuwan koyon girki don a ji wannan.

Ga yadda lissafin yake, uwargida, na burodi 12 zuwa 15. Fulawa rabin kilo, wato kofi huɗu. Ki ɗebi babban cokali uku daga ciki, ki dama da rabin kofi na madara, ki yi talgenki ya huce. A cikin ragowar garin ki zuba sukari babban cokali shida, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, yis ƙaramin cokali biyu. Sai talgen, da ƙwai biyu, da rabin kofi na dafaffen ruwan abarba mai ɗumi-ɗumi. Ki haɗa ki murza na minti biyar tukuna, sannan ki sa bota babban cokali huɗu, kaɗan-kaɗan. Dalilin jinkirta bota shi ne mai yana lulluɓe gari ya hana danƙo haɗuwa idan ya riga shi shiga. Daga nan murza ce ta gaske, minti goma sha biyar ko fiye idan da hannu ne. Kwaɓin zai yi ta manne miki, zuciya ta riƙa raya miki ki barbaɗa gari. Kada ki biye mata. Rabin burodin da ke tauri a gidajenmu wannan barbaɗen ne ya taurara shi. Ki shafa ɗan mai a hannu ki ci gaba. Alamar ya yi ita ce ki gutsuri kaɗan ki buɗa shi da yatsu a hankali, ya miƙe siriri har haske ya ratsa bai yage ba.

Tashin kwaɓi kuwa, a Kano agogo ba ya faɗin gaskiya, yanayi ne ke faɗa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40, kwaɓi na iya ninkawa cikin minti arba'in, kuma in aka shagala ya wuce, ya yi tsami ya faɗa. A irin wannan lokaci da ruwa mai sanyi ya kamata a kwaɓa, a ajiye a inuwa. Da hunturu kuma yakan ci awa biyu, ga iska mai busar da samansa ya yi ɓawo, don haka sai an rufe da leda ko tsumma mai danshi. A kula da zafin ruwa: yis yana mutuwa idan zafi ya doshi digiri 60, saboda haka ruwan da yatsa ba zai jure ba, yis ma ba zai jure ba. Sukari ma yana da iyaka. Mutanenmu na son zaƙi, amma idan sukari ya haura kashi goma cikin ɗari na nauyin gari, yakan fara zuƙe ruwan jikin yis ya rage masa kuzari. Namu lissafin ya kai kashi goma sha biyar, don haka a yi haƙuri da shi. Mai son ƙarawa a kan haka ta nemi yis ɗin da aka yi don kwaɓi mai zaƙi, irin Saf-instant mai tambarin ruwan zinare. Idan kwaɓin ya ninka, a danne iskar, a yanka, a mulmula, a jera a faranti da ɗan tazara, a bar shi ya sake tashi har su taɓa juna. Mannewar nan da gangan ce: gefen da bai ga wuta ba ba ya yin ɓawo.

Wajen ƙamshi ne nake ganin muna raina abin hannunmu. Ana tafiya kasuwar Singa a sayo 'yar kwalbar ƙamshin abarba ko na kwakwa da aka haɗa a masana'anta, a ɗiga, burodi ya fito yana warin alewa. Alhali a layin masu kayan ƙamshi na Kurmi, cikin 'yan lungunan nan da mutum biyu ba sa jerawa, ga busasshiyar citta ta Kudancin Kaduna, ga kanumfari, ga kirfa, ga gyaɗar ƙamshi, ga riɗi, ga habbatus sauda, ga dabino, ga zuma. Ɗan garin citta rabin ƙaramin cokali yana ɗaga ƙamshin abarba fiye da kowace kwalba. Madarar kwakwa da aka goge aka tace a gida tana iya maye gurbin madara a talge, tusar kuma a soya ta sama-sama a barbaɗa. Dabino da aka jiƙa aka dama yana rage buƙatar sukari, sai dai burodin zai yi duhu. Man shanu soyayye a maimakon bota yana ba da ƙamshin da babu mai gidan burodin da zai iya sayar miki. Mangwaro idan lokacinsa ya yi shi ma yana shiga. Kanumfari da kirfa ne kawai ke son taka-tsantsan, domin man da ke cikinsu yana danne yis idan suka yi yawa. Gara a jefa ƙwaya biyu ko uku a ruwan abarba lokacin tafasa, a tsame.

Mai son sa alkamar gida, irin wadda ake nomawa da rani a Kadawa da Kura da ruwan Tiga, ta sani cewa dusar da ke cikin niƙan inji tana yanka danƙo. Kashi ɗaya cikin huɗu ya isa, sauran fulawa. Fulawar kuwa kusan dukkanta daga alkamar waje ake niƙa ta, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Najeriya ke ci shigo da ita ake yi. An taɓa hana shigo da ita a 1987, zamanin Janar Babangida, aka janye a 1992. Dogaron nan da alkamar waje ne ya sa duk lokacin da dala ta motsa buhun fulawa ya bi ta, har ta kai mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano a watan Fabrairun 2024. Da irin wannan tsada, kwaɓin rabin kilo da ya lalace asara ce ta gaske.

Gashi a obin digiri 180 ne, minti 18 zuwa 22, bayan an shafa ƙwai a sama. Wadda ba ta da obin ta zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta rufe ya ɗau zafi sosai, ta ɗora farantin a kan duwatsu uku ko murfin gwangwani don kada ya taɓa yashin, sannan ta zuba garwashi a kan murfi. Wutar sama ta fi ta ƙasa yawa, saboda kwaɓi mai sukari saurin ƙonewa yake yi ta gindi. Yana fitowa a shafe shi da man shanu ko bota, ɓawon zai yi laushi.

Game da maganin da ake zargin masu gidan burodi da shi, akwai shi, sunansa buromet. Yana ƙarfafa danƙo ya sa burodi ya kumbura fiye da kima, amma yana illa ga ƙoda kuma ana danganta shi da ciwon daji, shi ya sa NAFDAC ta haramta shi. Mai gashin gida ba ta da buƙatarsa ko kaɗan.

Idan burodin ya huce sarai, a sa shi a leda a ɗaure. Kada a sa a firji, domin sanyin firji yana hanzarta takurewar sitaci, burodi ya fi saurin tauri fiye da wanda aka bari a ɗaki. Firiza ce ke tsayar da shi, ga mai tabbacin wuta. Da damina kuma, tunda babu maganin hana fumfuna a ciki, a gasa daidai wanda za a cinye cikin kwana biyu zuwa uku.