Tsohuwar Mota Ta Koma Ta Lantarki: Inda Lissafin Majalisa Ke Zamewa

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da wuya ka zauna a majalisa ba a ɗauko zancen ba: a sauke injin tsohuwar Golf, a ɗaura mata moto da batura, shi ke nan an yi sallama da gidan mai. Abin yana yiwuwa. Mustapha Gajibo ya yi shi a Maiduguri da ƙananan motocin haya, kuma sun ɗauki fasinja. Injin, tankin mai, salansa da lagireto su fita, a bar giyabos, a haɗa masa moton lantarki. Wannan ɓangaren bakaniken kirki zai iya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarin da ake yi wa zancen, wai a haɗa dainamo da taya, mota na tafiya tana cajin kanta, ba za ta taɓa tsayawa ba. Wa ke juya tayar? Batir. Wa ke juya dainamon? Tayar. Kenan batir ne ke biyan kuɗin cajin kansa. Kamar ka cire dubu goma a wurin mai POS ne, ka sake tura ta asusunka ta hannunsa, yana zare ladansa a kowane zagaye. Yi ta yi har magariba ka ga abin da zai rage. Ko ka riƙa ɗiban ruwan randa da ƙoƙo mai yoyo kana mayarwa cikinta, kana jiran ta cika. Duk wutar da ta bi ta waya da dainamo sai wani kaso ya tafi a zafi. Motocin lantarki na kamfani suna ɗan maido da wuta, gaskiya ne, amma sai lokacin taka birki ko gangara, wato ragowar abin da aka riga aka kashe.

Sai batun batir. Ƙaramar mota na shan kusan yunit 15, irin na mita, a kilomita 100. Babban batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar yunit 2.4, nauyinsa kusan kilo 60, kuma in ana zuƙe fiye da rabinsa ba ya daɗewa. Lissafa da kanka: don tafiyar kilomita 100, batura goma sha biyu, sama da kilo 700, buhun siminti goma sha huɗu kenan a bayan motar da tun asali sifirin ɗinta ya gaji. Shi ya sa masu yi da gaske ke neman batirin litiyam, sau da yawa na Nissan Leaf da ta yi haɗari, kuma nan ne kuɗin ke tafiya. Faifan sola ɗaya a rufin mota kuwa, ko a ranar bazara, abin da zai tara bai wuce tafiyar kilomita goma ba.

Akwai abin da ba na jin ana ambata sam. Laushin birkin mota daga zuƙar iskar injin yake samuwa. Sauke injin ba tare da sa famfon lantarki a madadinsa ba, birki ya koma kamar dutse, sitiyari ma ya yi tauri. Wutar baturan kuma takan haura bolt 100, ba wasan sifana ba ce, kuma gobarar litiyam ba ta jin bokitin ruwa.

Faransa ta halatta irin wannan juyi a 2020, amma ƙwararrun da aka tantance kawai ta yarje wa. Mu nan jami'an hanya sun fi sanin lasisi da takardun mota. Abin da ke cikin but ba ya gabansu. Don haka mai sha'awa ya fara gwaji da babur ko keke mai ƙafa uku, a cikin fili, kuma kada ya ɗauki iyali sai masanin lantarki ya duba wayoyin da birkin.