Sulusin elektiron: ƙwayar da ba ta rayuwa sai a cikin taro

Tun 1909 da Robert Millikan ya fara auna cajin elektiron a Jami'ar Chicago, masana fiziks suka tsaya a kan cewa wannan ƙwaya ce mafi ƙanƙantar awon lantarki da ke yawo ita kaɗai. Ba ta rabuwa biyu, balle uku.

A 1982, Daniel Tsui da Horst Störmer na ɗakin binciken Bell Labs da ke Amurka suka ci karo da abin da ya girgiza wannan fahimta. Sun tsare ɗimbin elektiron a wata siririyar shimfiɗa tsakanin sinadarai biyu, inda suke iya tafiya gaba da baya, dama da hagu, amma babu hawa babu sauka. Suka sanyaya ta zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifiri, suka ɗora mata maganaɗisu mai tsananin ƙarfi. Sai awo ya nuna alamar cewa abin da ke ɗaukar wutar yana da sulusin cajin elektiron kacal.

Robert Laughlin ne ya warware zaren a 1983. Babu elektiron ɗin da ya tsage. Matsi da sanyi ne suka sa taron ya zama tamkar ruwa guda, kuma duk motsin da ya taso cikinsa yakan yi tafiya kamar ƙwaya mai zaman kanta, ɗauke da sulusin caji. Haka guguwa take: ana ganin ta tana ratsa fili, alhali iska ce kawai ke juyawa, kuma ba a iya ɗauke ta a kai wani wuri. A 1997 masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila da Saclay ta Faransa suka auna wannan sulusi kai-tsaye, sannan mutanen uku suka karɓi lambar Nobel a 1998.

Waɗannan ƙwayoyi, da Frank Wilczek ya raɗa wa suna aniyon, suna da wata ɗabi'a da sai a shimfiɗa ake samunta: idan ɗaya ta kewaye 'yar'uwarta, kewayen yakan bar alama a jikin taron, kamar yadda kitso ke riƙe tsarin da aka bi. Gwaje-gwaje a Paris da Jami'ar Purdue sun tabbatar da haka a 2020.

Nan ne batun ya shafi hukumomi. Babbar matsalar kwamfutar kwantum ita ce ɗan zafi ko girgiza kaɗan na lalata lissafinta. Alexei Kitaev ya nuna cewa bayanin da aka kitsa da wani nau'in aniyon zai jure irin wannan. Nau'in ya fi mai sulusi wuyar samu, kuma har yanzu ana farautarsa. Wanda ya riga mallakarsa ya ƙara kusantar na'urar da za ta iya ɓalle makullan sirrin da bankuna da gwamnatoci ke dogaro da su a yau.